Baƙin Hunturu: Darasi Daga Ƙofar Gida

Darasinmu na wannan fitowa ba ya bukatar allo ko alli, sai tsohon kasko ɗaya, da ruwa kofi biyu, da haƙurin zama.

Da yawa daga cikinmu a Nima ko Aboabo ko Sabon Zango aka haife mu, inda in ka cire kaji da tumaki da ɓeraye, babu wata dabba da muka saba gani. Duk hutun Disamba wasunmu kan tafi wurin kakanni a ƙauyukan arewa, wajen Salaga ko Yendi ko Bawku, su dawo suna cewa babu abin da ke can sai ƙura da sanyi da tsagewar leɓe. To, mu dai muna ganin ba su duba ba ne. A duk shekara babu lokacin da ya kai hunturu sauƙin ganin halittun daji. Ciyawa ta bushe, itatuwa da yawa sun zubar da ganye, kududdufai sun ƙafe, saboda haka duk mai rai dole ya fito fili neman ruwa.

Ga yadda muke yi. Bayan sallar asuba sai a zuba ruwa a kaskon, a ajiye shi a gindin bishiya kamar taku ashirin daga gida, a koma a jingina da bango, a lulluɓa da bargo, a yi shiru. Shirun nan shi ne mai wuya. Kurciya kan riga kowa zuwa. Fakara takan leƙo daga bakin gona, ta ɗaga wuya ta saurara, ko tari ka yi ta tafi ke nan. Kurege ba ya fitowa sai rana ta ɗan ɗaga, shi da ƙadangare, wanda jikinsa ba ya ɗumama kansa sai ya sha hantsi a kan dutse.

Akwai wasu ƙananan tsuntsaye masu ruwan ƙasa da kan sauko garke guda, kowa ya raina su. Cikinsu har da mulufi, wanda da damina yake ja wur kamar garwashi a kan karan dawa. In lokacin aure da saƙar sheƙa ya wuce, namijin yakan zubar da jan gashin, ya koma kamar matarsa, don kada shaho ya hango shi cikin busasshiyar ciyawa. Shamuwa kuwa kada ku neme ta. Ita ta damina ce, ta riga ta wuce ƙasashen gabashi da kudancin Afirka inda ake ruwa a wannan lokaci.

Wata ta tafi, wata ta zo. Cikin tsattsewar da ke shawagi a kan shanu da yamma akwai 'yan gida, akwai kuma baƙi daga Turai, masu jan maƙogwaro da doguwar jela mai reshe biyu. A can sanyi kan kashe ƙwarin da suke ci, sai su tsallako Bahar Rum, su ratsa Sahara, su yi watanni a wurinmu, su juya wajen Maris ko Afrilu. Nauyin ɗaya wajen giram 20 ne kawai. Ku auna wannan da wahalar da mu muke sha daga Kumasi zuwa Tamale a cikin mota! Masana sun gano wannan tafiya ne ta hanyar sa wa tsuntsayen ƙaramin zobe mai lamba a ƙafa. In kun tsinci mataccen tsuntsu mai irin wannan zobe, ba na sihiri ba ne, ku rubuta lambar da ranar da wurin.

Da dare ma akwai abin gani. A wannan lokaci rimi ke fure, furensa kuwa da dare yake buɗewa, jemagu su zo shan ruwansa, su ɗauki garin furen a jikinsu su kai wata bishiyar. Haka suke yi wa ɗorawa wajen Fabrairu da Maris. Wato daddawar da ke cikin miyarmu da hannun jemage a ciki, wannan da muke jifa da dutse.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi damunmu. Za ku ga hayaƙi ya tashi a daji, shirwa sun taru a kansa suna cafke farar da wuta ta kora. Abin kallo ne, gaskiya. Amma sau da yawa samari ne suka cinna wutar don su kama gafiya ko gyazbi, kuma ba za mu ɓoye ba, a cikinmu akwai waɗanda suka taɓa riƙe ashanar. Nama bai cika tukunya ba, amma wutar ta cinye ciyawar shanu, ta ƙone ƙananan kaɗanya da ɗorawa waɗanda sai sun yi shekaru masu yawa kafin su fara 'ya'ya, wani lokaci har ta kai ga rumbu. Ku tambayi iyayenku abin da ya faru a 1983, shekarar da fari da gobarar daji suka haɗu suka cinye gonakin koko da na abinci a Ghana, mutane suka sha yunwa. Tun 1990 akwai dokar ƙasa da ta hana cinna wa daji wuta haka kawai.

Aikin gida: duk mai zuwa ƙauye bana ya tafi da littafi da biro, ya bar danƙon harbi a gida. Kowace safiya ya rubuta abin da ya zo kaskon da lokacin da ya zo. Wanda bai san sunansa ba ya siffanta shi, ya tambayi tsofaffi da Hausa da Dagbani ko Kusal. A kuma riƙa sauya ruwan kullum saboda sauro.