Piya-piya ba ya jiran safiya

A amalanke aka kawo shi daga wani ƙauyen fadamar Tarka, saurayi da bai kai shekara ashirin ba. Yawu na dalala, gumi sharkaf, ƙwayar ido ta tsuke kamar tsinin allura, ƙirji na kurari. Warin rigarsa kaɗai ya gaya mana piya-piya ne. Feshin albasa ya yi da rana tsaka, ya dama maganin da hannu cikin bokiti, famfon da ya goya yana yoyo a gadon bayansa. Tun azahar yake amai. Mu sai bayan asuba muka gan shi, da rigar feshin a jikinsa.

"Likita, ai mun ba shi madara da manja," in ji mahaifinsa. Kuma wai wani mai tallar magani a kan moto ya yi masa allurar ƙarfin jiki. Ƙarfin me?

Dikulorbos, gubar da ke cikin piya-piya, ba ya tsayawa a ciki balle madara ta same shi. Ta fata ma yake shiga. A cikin jiki, oksijin ɗin serin na anzim ɗin kolinesteraz, mai rusa sinadarin asetilkolin, yana kai wa fosfor ɗin gubar hari, wani ɓangaren gubar ya fita, fosfor ya maƙale a kan anzim, asetilkolin ya taru. Maganin firalidoksim na iya ɓamɓare fosfor ɗin, amma kafin ƙungiyar metil ɗaya ta gutsure. Ga irin wannan guba, cikin ƴan awoyi ake gutsurewar, daga nan anzim ya tafi ke nan. Mun tuɓe saurayin, mun wanke shi da sabulu, mun yi ta ba shi atrofin har ƙirji ya fara bushewa. Numfashi ne ya ƙi. Kafin a samu motar kai shi Tawa ya cika.

Hukumar NAFDAC ta Najeriya ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper, wato dikulorbos, a kasuwa tun 2019, mu kuwa daga Madawa har Buza da Keita ga irinsa nan a faifai kusa da magi, ana ɗura shi cikin kwalbar lemo, babu takarda.

Ku bar madarar nan. Kada a sa mutum amai. A cire tufafi, a wanke jiki, a kawo shi take, a riƙo kwalbar. Masu zuba piya-piya cikin buhun wake, ku ma da ku nake. Kada yaro ya yi feshi, kuma famfo mai yoyo a gyara shi ko a jefar. Madara dai, na sake faɗa, ba ta yi masa komai.