Idon Sawun Mai Wankin Ƙoda: Abin Yi Kafin a Kai ga Tiyata

In mai ciwon suga da ke wankin ƙoda ya wayi gari idon sawunsa ya kumbura, ya yi ja, ya fi ɗayan ɗumi, kuma babu wani zafin kirki, kada a ce targaɗe ne. Rashin zafin shi ne abin tsoro. Suga ya kashe jijiyoyin ji, mutum yana taka gaɓar da ke rugujewa bai sani ba. Likitoci na kiran wannan da sunan Charcot, likitan Faransa da ya bayyana irinsa a 1868.

Daga ranar, a daina takawa. Kada a kai wa maɗori, kada a gasa da ruwan zafi, domin ƙafar da ba ta ji tana iya salewa mai ita na zaune yana hira. A nemi likitan ƙashi, kamar na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a ɗauki hoto. Sau da yawa filasta ake sawa, ana canjawa na tsawon watanni.

Tiyata tana zuwa ne in gaɓar ta goce har takalmi ba ya riƙe ta, ko ƙashi ya turo fata ya buɗe gyambo. Aikin shi ne a haɗe ƙasusuwan su zama guda, ko da dogon ƙarfe da ake shigarwa ta diddige, ko da zobban ƙarfe daga waje. Idon sawun ba zai ƙara lanƙwasuwa ba, amma za a samu ƙafar takawa.

Mai wankin ƙoda kuwa sai an yi masa karatun ta-natsu. Ƙashinsa ya yi rauni, hanyoyin jininsa sun ƙanƙame, ciwo na jinkirin warkewa, ƙwayoyin cuta na saurin kama shi. Ƙarfen na iya sakewa, ƙashin ya ƙi haɗewa, har a kai ga yanke ƙafar. Don haka ka tambayi likita kai tsaye: an duba gudun jini zuwa ƙafar? Likitan ƙodata ya san da aikin? Bisa al'ada ana wanki kwana guda kafin tiyata, a auna sinadarin fotashiyam. Suga ya daidaita, a bar sigari. A nuna wa ma'aikata hannun da ake wanki da shi, kada a ɗaura masa abin awon jini ko a soka allura.

Bayan aiki, wata uku ko fiye ba a ɗora nauyi a kan ƙafar, alhali zuwa wanki bai tsaya ba. Nan ne iyalai da yawa ke gazawa. A tanadi keken guragu da mai ɗaukar majiyyaci tun kafin a sa ranar tiyata, kuma a riƙa duba ɗayar ƙafar kullum, har tsakanin yatsu, domin yanzu ita ke ɗauke da duk nauyin.