Darasi na 9: Idan Aikinmu Ya Ƙare, Wa Zai Riƙe Ƙungiya?

Iyayena da yayyena, darasin yau kan maganar da ba a cika son yi ba ne. Kowane shiri na ƙungiyar agaji yana da wa'adi. Wata rana kuɗin aikin zai ƙare, ni ma in daina zuwa. To, ranar nan za a ci gaba da zubi, ko akwati zai koma ƙarƙashin gado?

Ku san asalin tsarin da kuke bi. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara shi da matan karkara a yankin Maraɗi, Jamhuriyar Nijar, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Ba jari aka raba musu ba. Adashin da suka sani aka gyara: su zuba kuɗinsu, su ranta wa juna, ƙarshen zango su raba. Yau tsarin ya bazu a ƙasashe da yawa. Ya ɗore ne saboda kuɗin nasu ne, ilimin kuma ya zauna a wurinsu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ga abubuwa huɗu da nake so ku fara tun ina nan:

1. Kada littafi ya zauna a kan mace ɗaya. Idan sakatariya ta tafi wankan gida, ko aure ya kai ta wani gari, shi ke nan an tsaya? Ku zaɓi 'yan mata biyu su riƙa zama kusa da ita suna koyo. Wadda ba ta karatu ma tana da aiki: a faɗi kuɗin da ya rage a akwati da ƙarfi, ta haddace, sati mai zuwa ta maimaita kafin a buɗe.

2. Makulli uku, hannu uku, gida uku. Akwati kuma ya kwana a gida na huɗu. Wannan ba zargi ba ne, kare mutuncin mai ajiya ne.

3. Bayan kowane rabo a sake zaɓe. Ko shugaba ta yi ƙoƙari, a tambayi kowa. Wadda ba ta taɓa riƙe muƙami ba, yaushe za ta iya?

4. Ku ware kuɗin hidima. Sabon littafi, biro, kwaɗo, kuɗin mota zuwa Bichi ko Dambatta, kada ku jira mu. Ku tsayar da ɗan abin da kowa za ta ƙara, ko ku haɗu ku sayi gyaɗa da kaka, ku yi mai da ƙuli-ƙuli, ribar ta shiga wannan asusu.

Idan wani ya kawo tallafi, ku karɓa a gaban kowa, a rubuta shi daban, kada a cakuɗa da zubi. Ku kuma tambaya: me ake so mu yi a madadinsa?

Aikin sati mai zuwa: zan zo, amma zan zauna a gefe, ba zan ce uffan ba. Ku buɗe taro, ku ƙirga, ku rubuta, ku rufe da kanku. Inda kuka tsaya, nan za mu gyara.

Ku tattauna:
- Wane aiki ne mace ɗaya kawai ta iya a cikinmu?
- Wa za ta fara koyonsa daga yau?