Darasin Fiyano: Yadda Ake Haɗa Kod ɗin Dim7

Yawancinmu da kunne muka koya, muka riƙe kod uku, C da F da G, muna juya su a kowace waƙa. A gidan biki a Kafinsoli ko Kankiya wannan ya wadatar. Amma in ka shiga situdiyo a Katsina ko Zoo Road ta Kano, mai fim ya ce yana son kiɗan fargaba, to fa nan ake gane wanda ya iya da mai jiran na'ura ta yi masa. Shi ya sa na zaɓi kod ɗin da ake rubutawa dim7, makaɗa na ce masa "dim sebin".

Haɗa shi ƙidaya ce kawai. Daga maɓalli zuwa wanda ke manne da shi, fari ko baƙi, taki ɗaya ke nan. Ɗora babban yatsanka na dama a kan C. Ƙirga taki 3 zuwa dama, ka sauka a Eb. Ƙara 3, ga Gb. Ƙara 3, ga A. Danna huɗun tare da babban yatsa, manuni, na tsakiya da ƙaramin yatsa. Za ka ji sautin a takure, kamar wanda ya yi tambaya yana jiran amsa.

Daga C zuwa C na gaba taki 12 ne, kod ɗin kuwa ya raba su gida 4 daidai wa daida. Saboda haka ko daga Eb ka fara, ko Gb, ko A, maɓallan nan huɗu dai za ka taka. Ke nan duk faɗin fiyano iri 3 ne kacal:

Na ɗaya: C, Eb, Gb, A
Na biyu: C#, E, G, Bb
Na uku: D, F, Ab, B

Ka haddace waɗannan, ka gama da sunaye 12.

To ina ake sa shi? Ba wurin zama ba ne, gada ce. Kowane maɓalli a cikinsa yana son hawa taki ɗaya ya huta. Danna B, D, F, Ab, sannan ka koma C, E, G, ka ji yadda kunne ke sauke ajiyar zuciya. Da yake maɓallan huɗu ne, kod ɗaya zai iya kai ka C, ko Eb, ko Gb, ko A. In mawaƙi ya ce a ɗaga masa waƙa daga C zuwa Eb, ga hanya.

Gwada wannan jerin kuma, bugu huɗu kowanne: C, sai C#dim7, sai Dm, sai G7, ka dawo C. Hannun hagu yana hawa C, C#, D kamar matakala. Wata dabarar: a cikin B, D, F, Ab, sauke Ab zuwa G, nan take ya zama G7 da ka riga ka sani.

Turawa sun daɗe da gane ƙarfinsa. A wasan waƙe na Der Freischütz, wanda Carl Maria von Weber ya fara nunawa a Berlin a 1821, wannan kod ne ke kaɗawa duk lokacin da shaiɗanin wasan, Samiel, ya kusato.

Sai dai a yi hattara. Yawancin karin waƙoƙinmu na Hausa a kan sauti biyar suke tafiya, dim7 kuwa yana shigo da baƙin sautuka. In ka riƙe shi ƙarƙashin muryar mawaƙi, za su yi karo. Sa shi a giɓin da ke tsakanin baiti da amshi, ko a bugun ƙarshe kafin sauyin kod. Yaji ne, ɗan kaɗan ake barbaɗawa.

Aikin wannan mako: minti 15 kullum. Minti 5 kana hawa da sauka da iri ukun, minti 5 kana warware kowanne zuwa gidajensa huɗu, minti 5 a kan jerin C zuwa G7. In babu wuta, zana maɓallan a kan kwali ka ci gaba da ƙirga uku-uku, yatsu za su riƙe. Wanda ya gwada ya maƙale, ya neme ni ta ofishin ƙungiyar ɗalibai mu zauna a gaban fiyano tare. Allah ya ba mu sa'a.