Tsadar Kayan Miya Da Hanyar Rage Ta

Duk mai gidan da ke zaune a Gyallesu, ko a wata unguwa ta Tudun Wadar Zariya, ya san kuɗin cefanen da a da ke isar gida yini guda yanzu da ƙyar suke ɗaukar nauyin miyar dare. Hatsi dai ana iya sayensa a ajiye. Amma tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, yawancin gidaje kullum sai an aika yaro wurin mai kayan gwari ya sayo kashi ɗaya ko biyu. To, ya kamata a fahimta tsadar nan iri biyu ce. Akwai wadda ta fi ƙarfin mai gida, akwai kuma wadda yake da iko a kanta in ya yi tanadi.

Ta farko ita ce wadda ta game ƙasa duka. Ran 29 ga watan Mayu na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen naira 500. A watan Yuni na shekarar kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta faɗi ƙwarai. Manomin rani da fetur yake tayar da injin ban ruwa, takin zamani da maganin ƙwari kuma farashinsu yana bin dala, sa'an nan ga kuɗin motar da za ta kai kaya kasuwa. Duk wannan a kan kwandon tumatir yake sauka. A watan Yuni na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna farashin abinci ya ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a kan na shekarar da ta gabata. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yuli na 2024, amma mai sana'ar hannu da ɗan acaɓa ba su cikin wannan lissafi.

Ta biyu kuwa tsohuwa ce, kowace shekara tana zuwa a kan lokacinta kamar bazara. Tumatir ba ya son zafi mai tsanani, ba ya kuma son ruwa mai yawa. Masu lambu a fadamun Galma da Kubanni, da na wajen Hunkuyi, da na Kadawa a ƙasar Kano, sukan dasa shi bayan ɗaukewar ruwa, ya yi girma cikin sanyin hunturu. Daga Janairu zuwa Maris sai ya cika kasuwa har ya rasa mai saye, ko da yake manyan motoci suna ta lodinsa zuwa Ikko. Da zafin Afrilu ya shigo fure ya fara kakkaɓewa, in ruwa ya sauka kuma cututtuka su kama ganye. Saboda haka daga Mayu zuwa Yuli tumatir yakan yi wuya, sai na damina ya nuna kafin a sami sauƙi. A wasu shekaru wata tsutsa da masana ke kira Tuta absoluta takan ƙara dagula al'amari. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne, ta ɓullo a Sifen a 2006, a 2016 kuma ta yi ɓarnar da ta sa Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Babbar Sallar 2024 ta faɗo tsakiyar watan Yuni, daidai lokacin da kaya ya yanke, aka ga gidajen da suka yi layya amma miyar ta gagara.

Maganin wannan kaka da kakanni sun san shi, watau kauɗa. Abin mamaki ne yadda wasu gidajen ma'aikata suke raina busasshen tumatir, suna ganin abincin ƙauye ne, alhali kuwa da damina su ne ke sayensa da tsada a hannun wanda ya shanya shi a bakin titi. Gara a yi shi a gida. A sayi kwando lokacin araha, a zaɓi nunanne mai ƙarfi wanda bai fashe ba, a wanke, a tsaga biyu, a ɗan barbaɗa gishiri. Kada a shanya a ƙasa. A shimfiɗa tabarma mai tsabta a kan rumfa ko a kan soro, inda akuya da kaji ba su kaiwa, a rufe da yadi mai shara-shara don ƙura da ƙuda, a riƙa shigar da shi da dare. In ya bushe sarai, har an matsa ba a ji danshi ba, sai a zuba a mazubi mai murfi a ajiye wuri marar laima. Kada uwargida ta tsorata in ta ga kwando guda ya koma ɗan kaɗan. Fiye da kashi 90 cikin 100 na tumatir ruwa ne, shi ne ya tafi, in an jiƙa kafin niƙa zai dawo. Wanda ya yi funfuna a zubar, kada a ce za a wanke. Haka ake yi wa tattasai da attaruhu da kuɓewa. Ganye kuwa, irin su zogale da rama da kuka, a inuwa ake shanya su don kada rana ta ƙone amfaninsu.

Za a ce ai ba kowa ke da kuɗin kwando ba. Gaskiya ne. Amma sayen kashi-kashi shi ne saye mafi tsada, domin kowane hannun da kaya ya bi sai ya ɗora ribarsa. Gidaje huɗu ko biyar na iya haɗa kuɗi, su tura mutum ɗaya amintacce kasuwar Ɗan Magaji ko ta Sabon Gari da sassafe, a raba a gaban kowa. Matan da ke adashi ma suna iya shirya kwasar wani zagaye ta faɗo watan Fabrairu musamman don wannan.

Ɗanyen da aka rage don amfanin mako kuma, ba lalle sai da firiji ba, balle wuta ba ta da tabbas. Wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke janye zafi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Sai dai da rani ta fi aiki, da damina iska ta riga ta ƙoshi da laima.

Game da hatsi akwai gargaɗi biyu. Mai sayen wake ko masara da kaka ya guji zuba musu maganin ƙwari na gona. Irin wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, yana kashe ƙwaro ta hanyar toshe masa iska, muddin hatsin ya bushe kuma an ɗaure kowane ruɓi dabam. Na biyu, a sayi na ci, ba na jiran riba ba. A 2025 farashin masara ya sauko, da yawa daga waɗanda suka ɓoye suka yi hasara.

Gidajen Gyallesu a matse suke, ba filin lambu. Duk da haka tsohon buhu ko fasasshen bokiti, in an cika shi da ƙasa da takin dabba aka huda gindinsa, yana ɗaukar alayyafo ko yakuwa ko gindin attaruhu, ruwan wankin shinkafa ya ishe shi. Alayyafo cikin wata guda ake fara yankansa. Mai neman iri nagari ko ƙarin bayani sai ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa, ko ya je Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru.