Gilashin taga ya fashe? Fara da awo

Duk wanda ya zaga unguwannin Kazaure, ko ya leƙa Roni da Babura, zai ga tagogin da aka toshe da kwali ko buhun siminti. An liƙa su ne da niyyar kwana biyu. Sai damina ta zo ta wuce sauro yana shiga, hunturu ya biyo baya da ƙura har kan gado, kwalin yana nan. Wannan yana damuna, domin canza gilashi ɗaya aiki ne da maigida zai iya da hannunsa a yini guda, in dai ya iya awo kuma ya kiyaye yatsunsa.

Kafin komai, uwargida ta kwashe yara daga ɗakin. Kai kuma sa takalmi rufaffe da safar hannu mai kauri, silifas ba zai yi ba. Shimfiɗa buhu a ƙarƙashin tagar ciki da waje. Idan gilashin tsagewa ya yi bai zube ba, manna masa salatif mai faɗi a gicciye yadda ɓaraguzan za su riƙe juna. Fara cirewa daga sama, kada wani yanki ya suɓuto maka a hannu kana aiki a ƙasa. Bayan shara, bi ƙasan da jiƙaƙƙen tsumma, saboda tsintsiya ba ta kwashe ƙananan. Kada a zuba su a bola. Bolarmu gona take ƙarewa a matsayin taki, kuma manomi da 'ya'yansa sau da yawa ba da takalmi suke shiga ba. A naɗe su cikin buhun siminti a binne da zurfi inda ba a noma. In tsautsayi ya sa an yanke, a danne wurin da tsumma mai tsabta a ɗaga hannun sama. Ban da toka, ban da man birki. Idan gilashi ya nutse cikin nama kada a zare shi, a nufi asibiti.

Ajiye yanki ɗaya kamar tafin hannu. Shi za ka nuna wa mai yanka ya ga kauri da launi.

Sai ka tsaya ka dubi yadda ya fashe, domin tsagar tana faɗin dalili. Wadda ta bazu ta kowane gefe daga wuri ɗaya, dutse ne ko ƙwallo, ko iskar hadari ta maka tagar da bango. Amma wadda ta taso daga baki ta miƙe ita kaɗai, ba wanda ya taɓa, yawanci matsi ne. Ko dai an yanko gilashin cif-cif babu wurin motsi, zafin Afrilu da kan haura digiri 40 ya buɗa shi bai sami inda zai je ba, ko kuma tsatsa ta kumbura a firam ɗin ƙarfe ta danne shi, ko gini ya zauna ya karkatar da tagar. In ba a gyara wannan ba, sabon ma haka zai yi.

Ga wurin da mutane suka fi asara. Gilashi in an yanka an yanka, ba a ƙara masa, kuma rage ɗan siriri daga bakinsa yana da wuya ko ga gwani. Don haka kada ka auna da igiya ko kara ko kamun hannu, kada kuma ka aiki yaro da baki. Nemi tef ɗin ƙarfe irin na kafinta. Auna cikin ramin da gilashin ke zama, bayan ka kankare tsohon foti ko roba. Auna faɗi a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, ka ɗauki mafi ƙanƙanta. Yi wa tsawo haka. Sannan ka cire milimita 3 daga kowanne, wannan shi ne wurin motsin da na ambata. Daga nan ja tef daga kusurwa zuwa kusurwa a gicciye, ta ɓangarorin biyu. In sun zo daidai, tagar a miƙe take. In sun bambanta sosai, ta karkace, sai ka yanka kwali daidai ramin ka tafi da shi a yanka gilashin a kansa. Rubuta awon a takarda, faɗi kafin tsawo, ka kuma rubuta ko inci ne ko milimita. Tef ɗin yana da duka biyun, kuma mai yanka ba zai san wanne gefe ka karanta ba sai ka faɗa.

Kauri kuma kada ka yarda a rage maka don sauƙin kuɗi. Milimita 3 na ƙananan tagogi ne kawai. Taga mai zugewa ta alminiyon tana son 4 ko 5, gilashin luba kuma 5 ko 6, tunda gefe biyu kaɗai ake riƙe shi. Ga luba, ka tabbata an goge bakin kowane ɗaya kafin ka biya, domin a nan yara ke ɗora hannu. Faɗinsa yawanci inci 4 ne ko 6, tsawon ne ke bambanta. Wani abu da ya shafi sutura: gilashin nan mai kama da madubi da ake yayi, da rana na waje ba ya ganin ciki, amma da dare in an kunna fitila abin juyawa yake yi. Ɗakin iyali yana buƙatar labule duk da shi. Banɗaki kuwa a sa masa mai dishi-dishi.

Fara tambayar masu aikin alminiyon na cikin gari, sau da yawa suna da ragowar da za ta ishi taga ɗaya. Sai in launin ko kaurin ya gagara za ka nufi Kano, Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari. A nan sai a kula da ɗauko shi. Gilashi a tsaye ake ɗaukarsa a kan bakinsa, tsakanin kwali biyu a ɗaure. In aka kwantar da shi a but ɗin mota, aka ɗora buhu a kai, da wuya ya wuce Dambatta lafiya. Yana kuma da nauyin da ido ba ya gani: murabba'in mita ɗaya na mai milimita 5 ya kai kilo 12 da rabi. Babban gilashi ba kayan babur ba ne, musamman ga mai shiga ƙauyukan Gwiwa.

Sa luba ba wuya. Buɗe tagar gilasan su kwanta, ɗaga ɗan leɓen maƙalin da filaya a hankali, zare tsohon, zura sabon, mayar da leɓen. Sau ɗaya za ka lanƙwasa shi, in ka yi ta wasa da shi karyewa zai yi.

Taga mai zugewa kuwa, ɗaga ƙyauren sama ka jawo ƙasansa, zai fito. Kwantar da shi a kan tabarma, kwance notunan kusurwa, cire gefe ɗaya. Akwai roba da ke kewaye bakin gilashin. In ta bushe ta tsattsage, sayi sabuwa, kada gilashi ya taɓa alminiyon kai tsaye. Naɗa ta a bakin sabon, mayar da firam ɗin kana bugawa a hankali da guntun katako. Tunda ƙyauren yana ƙasa, duba tayoyinsa, ka share ƙurar da ta cika hanyarsa, ka buɗe ƙananan ramukan da ruwa ke fita.

Tagar ƙarfe irin ta tsofaffin gidaje ita ta fi son haƙuri. Kankare tsatsa da buroshin waya, shafa jan fenti mai hana tsatsa, bar shi ya bushe. Shimfiɗa foti siriri a ramin, ɗora gilashin ka danna ta gefe-gefe, ban da tsakiya. Sannan ka bi waje da foti a gangare yadda ruwa zai zurare. A bar shi mako ɗaya ko biyu kafin fenti. Mai gaggawa yana iya amfani da silikon, yini guda ya kama.

Akwai kuma gilashi mai ruɓi biyu, wanda ya zama ruwan dare a Ingila da sauran ƙasashen sanyi, a nan kuma ana ganinsa a bankuna da otal da wasu gidaje masu na'urar sanyaya ɗaki. Gilashi biyu ne da aka haɗa a masana'anta, da tazara a tsakani cike da busasshiyar iska ko iskar argon, an rufe bakin ruf. Tazarar ce ke tare zafi da ƙara. Shi ba a canza masa rabi. Ko ɗaya ya fashe, ko ka ga gumi ya taru a tsakaninsu wanda tsumma ba ya kaiwa, dukansa za a sauya, domin in iskar waje ta shiga amfaninsa ya ƙare. Awonsa ya haɗa da kauri: in an ce 4-12-4, ana nufin gilashi mai milimita 4, tazara 12, sai wani 4, jimla 20. Ana cire kamar milimita 10 daga faɗi da tsawon ramin, a zaunar da shi kan 'yan robobi a ƙasa, a mayar da sandunan da ke riƙe shi kowanne inda aka ciro shi, don haka yi musu alama tun wajen cirewa. Yi oda ta hannun wanda ya sa tagar, kuma ka bar shi ya zo ya auna da kansa, in an yi kuskure ya zama nasa. A ganina gidan da ba ya kunna na'urar sanyi kullum bai ci riba da wannan kuɗin ba, rumfa a kan taga ko darbejiya ta yamma da ɗaki za su fi rage masa zafi. Wanda yake da shi kuwa, in gefe ɗaya ne ya fashe, ya manne tsagar da salatif ya bar shi a wurinsa har sabon ya iso, tunda ɗaya gefen yana nan yana tare ruwa da ƙura.