Maganin Kaji a Tafkin Tarwada

Mai kiwon tarwada a Jos ya san lokacin asara: sanyin hunturu ya shigo, kifi ya daina cin abinci, gyambo ya feso masa, ciki ya kumbura. Sau da yawa bakteriyar Aeromonas ce ta samu kifin da sanyi da gurɓataccen ruwa suka raunana. Abin da aka saba shi ne a sayo oksitetrasaiklin a shagon maganin kaji a zuba, ba gwaji, ba awo. Mu likitocin dabbobi, damuwarmu ita ce inda ruwan tafkin ke zuwa idan an sauya shi: kwata, rafi, lambun noman rani, sai kabeji da latas su iso kasuwar Farin Gada. Ƙwayoyin da suka daina jin magani ta nan suke biyowa. A 2019 irinsu sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa muni.

Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da za mu waiwayi bakteriyofaj, wato bairas ɗin da bakteriya kaɗai yake kamawa. Yana shiga cikinta, ya hayayyafa, ya fasa ta. Tun 1917 Félix d'Hérelle ya bayyana shi a Faransa, cibiyar Eliava ta Jojiya tana magani da shi tun 1923, a Nowe kuma ana zuba shi a ruwan kifin salmon don daƙile bakteriyar Yersinia. Za a ce ai bairas abin tsoro ne. Wannan ba ya iya hayayyafa a cikin ƙwayar halittar mutum ko ta kifi, kuma dama yana nan fal cikin kowane kududdufi. Za a ce bakteriya za ta bijire masa shi ma. Haka ne, tana yi, don haka ake haɗa iri uku ko huɗu, kuma ana iya tace sabo daga ruwan tafkin kansa. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne kowane iri abin da yake kashewa ƙayyadadde ne, sai an san cutar tukuna. To, rashin gwajin nan ne ya kawo mu inda muke, ga kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da mu.

Yau ba za ka samu bakteriyofaj a shago ba, kuma ba zai ceci tafkin da aka cunkusa wa kifi ba. Kafin ya zo, idan kifi ya fara mutuwa, rage abinci, sauya ruwa, ka kai mai rai guda a gwada kafin ka sayi magani.